Hayaƙin Teksas da Gwangwani Mai Hoton Mangwaro

Idan Allah ya kai ki Teksas a watan Yuli, uwargida, hancinki zai riga idonki sanin inda kika zo. Ni da asuba abin ya same ni. Na karɓi jariri daga hannun Yaya don ta ɗan runtsa, na buɗe ƙofar baya in sha iska, sai ƙaurin itace ya doke ni. Ko ƙarfe huɗu ba ta yi ba. Duk wadda ta taɓa dutin dare a asibiti ta san yadda ƙauri a irin wannan lokaci yake tsinka zuciya. Na koma da gudu na ce, “Yaya, gobara a maƙwabta!” Ko ido ba ta buɗe ba ta ce, “Nama ne. Namanmu ma. Je ki kwanta.”

Jego ne ya kai ni birnin Houston. Yayata ta haihu, mahaifiyarmu kuma ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, sai aka ce ni ce nas ɗin gida, in ɗauki hutuna in je. Na tafi da ɗana mai shekara shida. Houston gari ne mai zafi irin na damina, zafin da ke manne miki riga a jiki, ga sauro kamar a gida, ga kuma 'yan Najeriya ko'ina kika juya. Ranar da nake ba ki labari 4 ga Yuli ce, ranar da Amurka ke tuna samun 'yancinta na 1776. Ba a zuwa aiki. Kusan kowane gida mai fili a baya sai ya hura wuta ya gasa nama.

Maƙwabcin su Yaya wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya, shi da matarsa. Su suka gayyace mu. Na san abin da wasunku za su ce, don ni ma shi na fara faɗa: me zai kai mu wurin da za a sha giya? Ban manta da hanin da aka yi mana na zama a teburin da ake shanta ba. Sai Yaya ta ba ni labarin daren da naƙuda ta kama ta, maigidanta yana wurin aiki. Matar nan ce ta fito da kayan barci ta tuƙa ta zuwa asibiti, ta zauna riƙe da hannunta har gari ya waye. “Yanzu ta ce mu zo mu ci abinci, sai in ce mata me?” Ban sami amsa ba. Muka shirya a kan za mu je, mu zauna wurinmu daban, mu tashi kafin Magariba. Mijin Yaya kuwa tun kwana biyu baya ya je titin Hillcroft, inda shagunan naman halal suke, ya sayo ƙirjin sa guda ya miƙa ta kan katanga. Dattijon ya wanke tanderunsa tas, ya ce ranar nan alade ba zai shiga ciki ba.

Bari in tsaya a kan naman nan, don ya cancanta.

Mu mun saba da gashi mai sauri. Mai tsire ya yanka nama siriri, ya soke a tsinke, ya kafa a tukuba, kafin ki gama gaisawa da shi ya naɗe miki a takarda. Mutanen Teksas akasin haka suke yi. Abin da suke ji da shi shi ne ƙirjin sa, suna ce masa biriskit, curi guda mai kilo biyar zuwa bakwai. Nama ne mai tauri, mai jijiya, irin wanda in mahauci ya cusa miki shi a kasuwa sai kun yi rigima. Gishiri da masoro kawai suke barbaɗa masa. Tanderun kamar durom ne a kwance, da ƙaramin akwatin wuta a gefe. Wutar ba ta ganin naman sam, hayaƙi da zafi ne ke ratsa shi su fice ta bututu. Itacen da suka fi so wani irin ok ne da ke fitowa a tsakiyar jihar. Ana riƙe zafin a wajen digiri 110 zuwa 130, naman ya yi awa goma sha biyu ko fiye a ciki. A hankali jijiyar nan take narkewa ta koma kamar romon ƙafar saniya a cikin tsokar. Shi ya sa bawan Allah ya kwana a kujera yana ƙara itace ɗaya bayan ɗaya.

Da aka fito da shi na ɗauka ya ƙone, baƙi ƙirin kamar gawayi. Da wuƙa ta shiga sai ga ciki yana ƙyalli, da wani jan layi a ƙarƙashin ɓawon. Ba sai kin sa haƙori ba, da yatsa biyu kike raba shi. An kawo shi da farin burodi, ɗanyar albasa da kokwamba mai tsami. Gaskiya ya yi daɗi. Amma in kin tambaye ni, a yanka na uku bakina ya fara neman yaji. Kitse ne da hayaƙi, babu abin da zai tsikari harshe.

To a nan giyar take shigowa, a wurinsu. Dattijon ya ce abin da na rasa a bakina shi suke nema a gwangwani: ɗaci da gas da ke wanke maiƙo. Ba irin giyar manyan kamfanoni yake magana ba, wadda ake tallarta a talabijin. Ita ma raina ta yake yi, wai ruwa ce. Tasa ita ce wadda ƙananan masana'antu ke yi kaɗan-kaɗan, kowace da ɗanɗanonta, wadda zan kira giyar hannu. Shi kansa yana dafa tasa a gareji, da tukwanen ƙarfe da tiyo da ma'aunin zafi, wurin tsaf kamar ɗakin gwaje-gwajen asibitinmu. Na leƙa daga bakin ƙofa. Warin kamar na gasarar da ta kwana biyu.

Yadda ake yinta ba zai zame miki baƙo ba. Ana jiƙa sha'ir har ya tsiro, a busar, a niƙa, a dafa a tace ruwan mai zaƙi. In an tsaya kusa da nan, 'yar uwar Maltina kika samu. Su kuma sai su zuba wani fure mai ɗaci da ake kira hof, su sa yis, yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa. Mai burkutu ma kusan haka take yi da dawa. Bambancin dai kwalliya.

Abin ya ba ni mamaki da na ji tarihinsa. Amurka ta taɓa haramta giya gaba ɗaya daga 1920 zuwa 1933. Da aka janye dokar, manyan kamfanoni suka yi ta haɗiye ƙanana, har a ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a duk ƙasar ba su kai ɗari ba. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa giyarsa a gida. Masu dafawa a gareji irin maƙwabcinmu su ne daga baya suka buɗe ƙananan kamfanoni, yau sun haura 9,000. A Houston akwai Saint Arnold da aka buɗe a 1994. Kowane kamfani yana son gwangwaninsa ya fi na wani ɗaukar ido a kanti, sai suke ɗauko masu zane su ƙawata shi da launuka, da 'ya'yan itatuwa, da dabbobi irin na katun.

Wannan kwalliyar ce ta kusa ja mini.

A filin akwai kula biyu manya cike da ƙanƙara, ɗaya shuɗiya ɗaya ja. Jikokin gidan sun san shuɗiyar ta manya ce, da haka suka tashi. Ɗana bai sani ba, ni ma ban sani ba, kuma ba wanda ya yi tunanin faɗa. Mu mata muna ƙarƙashin bishiya a teburinmu da jug ɗin shayi mai ƙanƙara. Na tashi in ɗauki hoton naman in tura wa ƙawayena na wurin aiki. Ban fi minti biyu ba. Sai na ji “Umma, lemon nan ya lalace!” Na waiga na gan shi yana tofar da yawu, a hannunsa gwangwani ruwan ɗorawa da hoton mangwaro ya nuna sharaf. Na fizge. A can ƙasa, da rubutun da sai kin ƙanƙance ido, an sa 7%.

Ƙafafuna suka yi sanyi. Shekara goma ina gaya wa iyaye a ɗakin yara su kwantar da hankalinsu, ranar na gane faɗa ya fi yi sauƙi. Na daure na yi abin da na sani. Na ɗaga gwangwanin na ji nauyinsa, kusan cike yake. Na tambaye shi sau nawa ya kurɓa, ya ce ɗaya, kuma ya zubar don ɗaci. Na sa ya kuskure baki, na ba shi burodi da nama da lemo mai zaƙi na gaskiya. Dalili kuwa, hantar yaro ƙarama ce, ajiyar sukarinta kaɗan ce, barasa kuma tana hana hanta sakin suga cikin jini. Abin da babba zai sha ya yi ta surutu, yaro yana iya sha sugansa ya faɗi har ya kai ga jijjiga. Don haka abin da ake dubawa shi ne barcin da ba na ƙa'ida ba, tangaɗi, gumi mai sanyi, magana tana harɗewa, ko amai. In kin ga ɗaya daga ciki, ko ba ki san yawan abin da ya sha ba, asibiti kai tsaye. Kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ɗura masa manja ko madara wai ya amayar. Na zauna ina kallonsa awa biyu. Babu abin da ya same shi, alhamdu lillahi, har ƙwallo ya koma bugawa.

Dattijon kuwa fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ya yi ta ba da haƙuri, ya kinkimi shuɗiyar kular da kansa ya kai gareji ya rufe. Ban ga laifinsa ba. Ni ce na saki hannun yaro a gidan da na san akwai giya. Na san yaro ne, kuskure ne, babu alhaki a kansa. Duk da haka daren nan sai da na yi kuka a banɗaki, don tunanin cewa abin da ban taɓa sa wa a bakina ba ya taɓa harshen ɗana ina tsaye.

Daga ranar na koyi karanta gwangwani, kuma shi nake so ki tafi da shi ko da kin manta sauran. Kada hoto ya ruɗe ki. Nemi lamba mai alamar kashi cikin ɗari, sau da yawa kusa da haruffan ABV ko Alc. Giyar hannu ta fi ta kanti ƙarfi, irin wadda ake rubuta wa IPA takan kai kashi 6 ko 7, wasu har sun haura 10. Duk inda kika ga kalmar hard a gaban sunan abin sha, ko lemon tsami ne, ko ruwan tufa, ko ruwan gas mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, to da barasa a ciki. Wanda aka rubuta wa non-alcoholic ma dokar Amurka ta yarda ya ƙunshi ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Sai kuma abin dariya: akwai wani lemo da ake kira root beer, sunan giya gare shi amma lemo ne zalla, yara ke sha, har kamfanin Saint Arnold ɗin nan yana yin nasa. Na ɗanɗana, kamar an narka man zafi a Coke. Shi ma an yi masa na manya mai hard a gaba. Kin ga kenan suna ba ya isa, sai lamba.

Gwangwani ma mai sauƙi ne, tunda yana da rubutu. Tukunya ba ta da shi. Masu son giyar hannu ba sha kawai suke yi ba, girki suke yi da ita. Wasu suna jiƙa nama a cikinta ya kwana. Wasu suna fesa wa biriskit ita yana kan wuta don kada ya bushe. Akwai kazar da ake zaunar da ita a kan buɗaɗɗen gwangwanin giya a gasa ta a tsaye. Akwai kifi da albasa da ake tsoma wa a ƙullun fulawa da aka dama da giya kafin a soya. Akwai wani wake na mutanen Meziko da sunansa ma yake nufin bugaggen wake, da giya ake dafa shi, galibi har da naman alade. Za su ce miki wuta tana ƙone barasar. Ba duka ba. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 na barasar yana nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai saura kamar kashi 5.

To yaya za ki yi, ki bi kowane kwano kina tambaya kamar 'yar sanda? Ni ma kunya ta hana ni da farko. Mu an raine mu a kan cewa baƙo ba ya bincikar abincin mai gida. Abin da ya cire mini kunyar shi ne yajina. Na zo da yajin tsire daga gida a robar man shanu, na fito da shi don in gyara bakina. Dattijon ya miƙo hannu zai ɗanɗana, sai surukarsa ta tare shi da tambaya: me da me ke ciki? Na lissafa: barkono, citta, kanumfari, gishiri, ƙuli-ƙuli. Da na bayyana mata cewa ƙuli-ƙuli gyaɗa ce, nan take ta janye ƙaramar 'yarta daga teburin. Yarinyar jikinta ba ya karɓar gyaɗa, ko kaɗan ta ci maƙogwaronta na iya kumbura numfashi ya tsaya, da allurar gaggawa suke yawo a jaka. A matsayina na nas na san wannan ba wasa ba ne, kuma sai na ga ni ma na kusa yi musu abin da aka yi mini. Ba ta ji kunyar tambaya ba, ba wanda ya ga baƙinta. A can tambayar abin da ke cikin abinci ba rashin kunya ba ce. Daga nan na riƙa cewa kai tsaye: ba ma cin alade, ba ma cin abin da giya ta taɓa, wanne ne babu? Matar gidan ta zagaya da ni tana nunawa. Waken ne kawai muka bari, da wata miya mai duhu.

Kada in ba ki labarin ya zama kamar kowa a wurin buguwa ya yi. Yawancinsu gwangwani ɗaya ko biyu suka sha, suna juya shi a baki suna gardamar wanne ya fi ƙamshin lemon tsami, kamar yadda mazanmu ke gardamar wane mai shayi ya fi iya haɗi. Amma aikina bai bar ni in ga kyan abin ba. Na yi jinyar masu ciwon hanta, na ga cikin da ya kumbura da ruwa, kuma hanta ba ta tambaya ko a gareji aka dafa ko a babban kamfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Muka yi sallama rana tana shirin faɗuwa, daidai lokacin da muryoyin maza suka fara ɗagawa. Wasan wutar da aka yi da dare ta taga muka kalla.

Mako biyu bayan haka mijin Yaya ya kai mu Austin gaida wasu 'yan uwa, ya ce sai mun ratsa ta Lockhart, wani ƙaramin gari da majalisar jihar ta naɗa wa sarautar hedikwatar gashin Teksas. Tafiyar kamar awa biyu da rabi ce daga Houston, gonaki da shanu hagu da dama. A nan na fahimci dalilin da naman da giyar suke tafiya tare. Jamusawa da mutanen ƙasar Cek ne suka zauna a yankin tun ƙarni na 19. Mahautansu, a zamanin da babu firji, sukan banɗare naman da ya yi kwantai da hayaƙi, masu tsinkar auduga su saya su ci a kan takardar mahauci. Su ɗin dai suka zo da sana'ar giya daga ƙasashensu. A garin Shiner da ke kudu da hanyarmu akwai masana'antar da suka kafa tun 1909, har yau tana aiki.

A Lockhart akwai Kreuz Market da ya faro a 1900, da Black's na 1932, da Smitty's da ke cikin tsohon ginin Kreuz, kusa da kotun gundumar mai hasumiyar agogo. Smitty's muka shiga. Kina sa ƙafa za ki tarar da wuta tana ci a ƙasa, a fili, dab da inda mutane ke layi. Bangon ya yi baƙi da hayaƙin shekara da shekaru, irin baƙin madafar kakata a ƙauye. Na damƙe hannun ɗana har ya ce ina ji masa ciwo. Har yanzu a kan takarda ake ba da naman, ana auna shi a sikeli kamar balangu. Ba mu ci ba, tunda ba yankanmu ba ne kuma rami ɗaya suke da haƙarƙarin alade. Muka sayi Big Red, wani jan lemo da aka fara yi a garin Waco a 1937, wanda mutanen Teksas da yawa suka fi so da gashinsu fiye da giya. Zaƙinsa kamar an narka cingam. Ɗana ya shanye nasa ya karɓe nawa.

Ranar da zan taho na bar wa dattijon sauran yajin, na rubuta gyaɗa da manyan baƙaƙe a jikin robar na manne da salatif. Yaya ta ce yanzu a kan kaza yake barbaɗa shi, ranar da jikokin ba sa nan, kuma ya aiko a tambaye ni ko ana samun wanda ya fi wannan zafi.

Watan jiya muka je suna a unguwarmu, aka raba lemo. Ina cikin hira sai na ji ana jan mayafina. Ɗana ne, riƙe da gwangwanin Maltina, bai buɗe ba. Ya ce, “Umma, duba min lambar.”